Rigar iska ta farko: bayanan koyon nutso daga Yawuri

14 ga Satumba, 2024

Kuɗin da ni da ƙanena muka tara sun isa biyan makarantar koyon nutso da tukunyar iska a Legas, har da ragowar sayen kaya. Gilashin fuska da takalman roba masu faɗi mun riga mun saya, su ba sa cin kuɗi sosai. Manyan da suka rage biyu ne: ragileta, wato na'urar da ke kawo iskar tukunya zuwa baki, da rigar iska wadda 'yan kasuwa ke rubuta BCD a tallarsu. Ragileta na bar wa malaminmu ya zaɓa, tunda ita ce numfashi. Riga kuwa jikina za ta hau, ni zan zaɓa, kuma a nan zan riƙa ajiye bayanin yadda abin ke tafiya.

Babu mazaunin bakin Neja daga Yawuri zuwa Ngaski da ya manta watan Mayun 2021, lokacin da jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ya kife da mutane fiye da ɗari. Masunta da masu ninƙaya na gari su suka yi aikin tsamo mutane, da numfashin ƙirjinsu kawai. Tun lokacin abin yake raina. Takardar shaidar nutso ta farko ba ta mai da mutum mai ceto, na san wannan. Iyakarta mita 18, a ruwa mai kyau, kuma sai da abokin nutso. Amma daga nan kowa ke farawa.

Aikin rigar shi ne riƙe tukunya a gadon baya, da riƙe mutum a zurfin da yake so, ba ya nitsewa ba ya tasowa. A cikinta akwai bilada, wato jakar iska. Tiyo ɗaya daga ragileta yana kawo mata iska in ka danna maɓalli, wani maɓallin kuma ya saki. Dalilin da ya sa ake buƙatar haka shi ne matsin ruwa. Duk mita 10 da ka sauka, matsin ya ƙaru da kwatankwacin na sararin duniya sau ɗaya, don haka iskar da ke cikin riga a sama, kafin ka kai mita 10 ta koma rabi. Sai ka ƙara mata. In ka juyo za ka hau, iskar ta kumbura, sai ka rage, in ba haka ba ta fizge ka zuwa sama, kuma saurin hawa shi ne abin da masu nutso suka fi tsoro.

29 ga Satumba

Iri uku na tarar. Akwai mai kama da falmaran, wadda iskarta ke zagaye baya da gefe biyu har kusa da ciki. Ita makarantu suka fi ba ɗalibai haya. Akwai wadda iskarta duk a baya take, gaba ba komai sai maɗauri. Sai ta uku, wadda ba riga ba ce ma: farantin ƙarfe ne ko na alminiyam a baya, da bel guda da aka zura masa, da bilada mai kama da zobe tsakanin faranti da tukunya.

Ƙanena ya mace a kan ta uku. Hujjarsa ba banza ba ce. Komai nata ana kwancewa a canza, in bilada ta fashe ita kaɗai za ka saya, kuma tana kwantar da mutum rub da ciki a cikin ruwa, wanda shi ne tsayuwar da ake so. Abin da ke tsayar da ni shi ne saman ruwa. Mai falmaran tana riƙe ka a tsaye, kanka a waje, ba tare da ka yi komai ba. Mai iska a baya in ka cika ta da yawa tana tura fuskarka gaba, sai ka koyi jingina baya. Ga wanda ya ƙware wannan ba komai ba ne. Ga sabon shiga da ya taso a tsakiyar Neja, ruwa na jan sa, yana jiran kwale-kwale ya juyo, ni dai ina ganin abu ne.

Wani abu da na rubuta da manyan baƙi a littafina: wannan ba rigar ceto ba ce irin wadda HYPPADEC, hukumar raya yankunan madatsun wutar lantarki, ke raba wa mutanen bakin ruwa. Waccan ko ka suma tana iya riƙe ka a sama. Wannan masu ƙera ta da kansu suna rubutawa a jikinta cewa ba ta lamunce juya fuskar sumamme sama ba.

13 ga Oktoba

Na kai wa kawuna hotunan a waya. Basarke ne ta wajen uwa, ya yi su tun kafin a haife ni, kuma yana yaro aka rufe madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye gonaki da garuruwa. Ya duba ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ai gora ce aka ɗinka wa hannu." Ban musa ba. Wanda ya ga masunta a Matan Fada ranar bikin Argungu, kowa kwance kan gorarsa, ya ga rabin aikin rigar. Bambancin kawai ita gora iskarta ba ta raguwa ba ta ƙaruwa.

Daga nan ya shiga abin da ya canza min lissafi. Ya nuna wata riga mai tsada a hoton, mai zobban ƙarfe da yawa, aljihu kan aljihu, igiyoyi na reto. Ya ce, "Da wannan za ka shiga ƙarƙashin ruwanmu? To ka yi sallama da gida tukuna." Ya ce ƙasan tafkin cike yake da itatuwan da ruwa ya rufe suna tsaye, ga tsofaffin kalli da suka tsinke suka maƙale a rassansu shekara da shekaru, ga mamari mai ƙugiya ɗari-ɗari da ba a gani sai an ji. Duk abin da ke lilo a jikinka, a cewarsa, hannu ne ka miƙa wa taru.

Na ce, "Kawu, su waɗanda suka ƙera ai don teku suka yi." Ya ce, "To kai tekun za ka zauna?"

Bidiyon da na sha kallo duk a Bahar Maliya aka ɗauke su ko wani tsibiri, inda mutum ke hango abokinsa daga mita ashirin. Yanzu haka ruwan Yawuri fari ne fat da laka, saboda ambaliyar damina da Gulbin Sakkwato da sauran rafuka ke zubowa. Ka sa hannunka a ciki, tafin ya ɓace. Rigar da zan saya dole ta zama wadda zan iya sarrafawa ido rufe: maɓallan da yatsa ke bambancewa, bakul ɗin da ake kwancewa da hannu ɗaya, ba abin da ke reto.

3 ga Nuwamba, Legas

Mun biyo ta Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori. Baya ya ji jiki.

Makarantar tana bin tsarin PADI, ƙungiyar da ke ba da takardar shaidar nutso: karatu, darussa biyar a kwamin ninƙaya, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Na roƙi malam ya bar ni in riƙa canza riga daga darasi zuwa darasi, ya yarda, ya ce ma gara haka da a saya a intanet a zo ana kuka.

A nan na gane girma ya fi iri muhimmanci. Ni siriri ne mai tsawo. Babbar lamba ta dace da tsawona, amma da na shiga ruwa aka hura ta, sai ta hau har kafaɗunta suka taɓa kunnena, ni kuma ina rataye a ƙasa, tukunya na yawo a baya. Matsakaiciya ta zauna daram. Gwajin da malam ya koya mana a tudu mai sauƙi ne: ka sa rigar a kan rigar robar da za ka riƙa shiga ruwa da ita, ka ɗaure, wani ya kama kafaɗun ya ɗaga sama. In ta zame ta hau, ta yi maka yawa. Sannan ka hura ta da baki har ta cika, ka ja dogon numfashi. In ta matse maka haƙarƙari, ta yi kaɗan, ko ɗinkinta bai dace da ƙirjinka ba. Lambobin kamfanoni kuma ba ɗaya ba ne, matsakaiciyar wannan ita ce ƙaramar wancan.

Na gwada mai faranti. Gaskiyar ƙanena, a ƙasa daɗi gare ta, ƙirji a sake. Amma bel ɗinta guda ne ba bakul a kafaɗa, kuma darasin cire kaya a cikin ruwa da mayarwa ya ɗauke ni lokaci da ita. Ina yi ina tuna kalli. In tukunya ta maƙale a bayanka, inda hannu ba ya kaiwa, mataki na farko shi ne ka tsaya cak abokinka ya kwance ka. In abin ya faskara, sai ka zame daga rigar, ragileta na bakinka, ka warware ka mayar. Ina son rigar da ke barin mutum ya fita da sauƙi.

10 ga Nuwamba

An gama nutson teku, mun samu takarda. Dalmar da na ɗaura a teku don in iya nitsewa ta fi ta kwami da kilo biyu. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi da kashi biyu da rabi cikin ɗari, don haka ya fi ɗaga mutum. A gida zan koma lissafin kwami.

24 ga Nuwamba

Mai shago ɗaya ya dage sai na sayi mai ƙarfin ɗaga kilo 20 da wani abu, wai babba ta fi tsaro. Na zauna na yi lissafi kamar yadda aka koya mana.

Tukunyar da aka fi samu ita ce ta alminiyam mai lita 11, ana cika ta har matsinta ya kai kusan ninki 200 na sararin duniya. Iskar da ke ciki tana da nauyi, kusan kilo biyu da rabi zuwa uku. Ma'ana a farkon nutso ka fi ƙarshe nauyi da wannan adadin, kuma riga ce za ta ɗauke bambancin. Sai rigar roba mai kaurin milimita 3, wadda ke ɗaga mutum da 'yan kilo a sama, in aka sauka ta matse ta rasa mafi yawan wannan ɗagawar. Haɗa biyun, abin da nake buƙata a ƙasa bai wuce kilo shida ba. A sama kuma ana son ta riƙe kai da kafaɗa a waje ko da igiyar ruwa, ta kuma iya riƙe kayan su kaɗai in na cire. Kilo 13 zuwa 15 ya wadatar har da saura. Masu babbar bilada su ne masu tukunya biyu na ƙarfe ko rigar sanyi mai kauri a ruwan Turai. A wurina ƙarin bilada ƙarin yadi ne da ruwa zai ja, da ƙarin lungun da iska ke ɓuya ta ƙi fita.

Sai maganar dalma: a bel ko a aljihun riga? Riguna da yawa yanzu suna zuwa da aljihun dalma da ake zarewa da hannu. Sun fi daɗi a ƙugu, musamman ga wanda bel ke zame masa. Amma in aljihu ɗaya ya faɗi a Neja ya tafi kenan, kuma sai na wannan kamfanin, na wannan samfurin, zai shiga gurbin. Daga Yawuri wannan na nufin oda daga waje da jiran watanni. Bel kuwa maɗauri ne mai faɗin santimita 5 da bakul, kuma in na cire riga a ƙasa dalmar na jikina, ba zan tashi sama in bar kayana ba. Na zaɓi bel.

Haka na yi da maɓallin hurawa. Akwai masu haɗe da ragileta ta biyu, wato ta ko-ta-kwana, suna rage tiyo ɗaya, amma bakin tiyonsu na daban ne. Na tsaya kan na gama-gari, wanda kowace makaranta ke da irinsa a akwatin gyara.

Sabuwa mai sauƙi daga Cressi ko Mares ko Aqualung tana farawa daga wajen dala ɗari biyu da wani abu, masu ado su haura dala ɗari bakwai, kafin kuɗin kawowa da kwastan. Da canjin yau, sai na fara duba na hannu.

8 ga Disamba

An turo min guda biyu ta hannun wani direban da ke zirga-zirgar Legas, da sharaɗin in ban so ba a mayar.

Ta farko kyakkyawa ce a ido, kamar ba a taɓa sawa ba. Na hura ta da baki har bawul ɗin kariya, mai sakin iska in ta yi yawa, ya yi tsaki ya saki, alamar yana aiki. Na jingine ta a ɗaki da daddare. Da asuba ta yi laushi. Na cika baho, na sake hurawa na danna ta ciki, sai ga ƙananan kumfa na fita a layi daga ɗinkin gefe, ba daga bawul ba. Da bawul ne, wata roba ce ƙarama ake canzawa. Ɗinkin bilada in ya fara saki, yau nan gobe can. Da na girgiza ta kuma na ji wani abu na ƙara a ciki kamar yashi: gishiri ne ya bushe, shi ke cin bilada daga ciki. Mai ita bai taɓa wanke cikinta ba.

Ta biyu ta koɗe, baƙinta ya koma toka-toka, da lambar haya a kafaɗa. Ta kwana a cike ta tashi a cike. Na miƙar da tiyon kafaɗa mai ƙwarya-ƙwarya ina duba tsaga a cikin lungunansa, babu. Igiyoyin bawul na kafaɗa da na ƙugu duk suna ja suna komawa. Maɗaurin tukunya bai zare ba. Matsalarta ɗaya, maɓallin hurawa yana ɗan jinkirin dawowa in an danna. Wannan ba abin wasa ba ne. In ya maƙale a ƙasa, rigar za ta yi ta cika tana ɗaga ka, shi ya sa ake koya wa ɗalibi cire tiyon da hannu cikin gaggawa yana sakin iska. Na kira malam. Ya ce kan maɓallin gaba ɗaya ake canzawa, ba tsada, kuma kada in yarda wani makaniki ya buɗe shi ya sa masa man inji.

22 ga Disamba

Na sayi koɗaɗɗiyar. Mai falmaran ce, matsakaiciya, yadi mai kauri irin na haya, aljihu biyu masu rufewa, zobba kaɗan, bakul a kowace kafaɗa. An canza maɓallin a Legas an gwada da tukunya kafin a dawo da ita. Duka-duka bai kai rabin kuɗin sabuwa ba. Ƙanena ya sayi farantinsa. Yana kiran tawa rigar 'yan makaranta, ni kuma ina jiran ranar da za mu yi tseren cirewa.

Wurin ajiya ya zama magana. Ɗakin kwano a Yawuri cikin Afrilu, zafi na haura digiri 40, yana busar da roba, ga ɓera. Na rataye ta a ɗakin ƙasa na tsohuwarmu, da 'yar iska a ciki don kada bilada ta manne, nesa da rana da jarkar fetur. Inna ta ce in dai ba za ta riƙa numfashi da dare ba, ta yarda.

12 ga Janairu, 2025

Riga ta samu, iska ce babu. Wani abokinmu ya ce ga injin mai faci a tasha. Ko kusa. Na farko ba ya kai ko kashi ɗaya cikin goma na matsin da tukunya ke so. Na biyu, wanda ya fi muni, iskarsa na ɗauke da tururin mai da hayaƙin inji, kuma gubar hayaƙi a zurfi ninkuwa take yi, mutum ya suma bai ji warin komai ba. Injin cika tukunyar numfashi na daban ne, da matatunsa, kuma kuɗinsa ya fi duk kayanmu a haɗe. A yanzu sai dai a ciko daga kudu a kawo a mota, a kwance, a inuwa.

Dalma kuwa a gida muka samu. Wanda ke zuba wa masu birgi dalmarsu ya zuba mana ƙulle-ƙulle na kilo ɗaya da na biyu, da tsaga biyu inda bel zai bi. Na ce ya yi a fili, iska na kaɗa hayaƙin nesa da yara. Mun auna kowanne a sikelin mai nama muka rubuta nauyin a jiki. Na sayi almakashin asibiti mai ƙarfi da wuƙa ƙarama, tunda zaren kalli almakashi ya fi yanke shi. Ɗaya a aljihun dama, ɗaya a maɗaurin ƙirji, inda kowane hannu ke kaiwa.

2 ga Fabrairu

Ruwa ya lafa. Wanda ke wucewa yanzu shi ne ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini tun damina, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana zubar da lakarsa, sai yanzu ya iso mu. Ya fi na Satumba haske nesa ba kusa ba, ko da yake hasken bai wuce ka ga abokinka in yana dab da kai ba.

Wani tsohon mai nutso da ya yi aiki a ruwan Neja Delta, malam ne ya haɗa mu, ya zo da tukwane cikakku. Kawu ya zaɓi wuri, bayan wani tsibiri mai yashi inda ruwa ba ya ja, ba a kafa kalli, kuma ba hanyar dorina ba ce. Shi ya riƙe kwale-kwale, da igiya mai nauyi a ƙasa da muke bi. Ba mu wuce mita biyar ba.

Kafin shiga na jiƙa maɗaurin tukunya sannan na ɗaure, don busasshe yana saki in ya sha ruwa. Gwajin dalma: riga ba iska, numfashi na yau da kullum a ƙirji, ruwa ya tsaya daidai ido, in ka fitar da numfashi ka fara sauka. Da kilo uku na samu haka, aka ƙara min biyu saboda iskar da za ta ƙare. A ƙasa ɗan dannawa biyu suka ishe ni tsayawa, sauran aikin huhu ne ke yi. Maɓallan na same su ba tare da dubawa ba. Da muka taso ta zaunar da ni tsaye ina magana da Kawu, ƙanena kuma yana gefe yana ta harba ƙafa don ya jingina baya, har baƙonmu ya ce ya rage iska rabi, nan take ya daidaita.

Abu biyu suka fito. Ma'aunin iska da ragileta ta biyu suna reto, sai an maƙale su a ƙirji da roba mai tsinkewa in an ja da ƙarfi. Sannan yashi ya shiga bawul ɗin ƙugu ya bar shi yana ɗan tsiyaya, sai da na kwance murfin na wanke. Na zuba ruwan rijiya ta bakin hurawa, na girgiza, na juye ta ƙasa, na rataye. Mu ma muka yi wanka da sabulu nan take, kuma mun sa ranar gwajin tsargiya a asibiti bayan wata biyu.

Baƙon ya ce kada mu kusanci itatuwan ƙasa ko inda ruwa ke ja sai mun yi horon ceto da na nutso a ruwa marar haske. Tukwanen sun koma kudu don a sake cika su. Azumi na ƙaratowa, don haka shiga ta gaba sai bayan sallah, kuma kafin nan akwai zaman da za mu yi da masu jirage na tasha kan ko za a iya haɗa kuɗin injin iska.